Hanyar Ƙauyen Mama Stamatiya

Nimatu 'yar zangon Kumasi ce, amma shekararta tara a New York. Kullum da safe sai ta fito daga unguwar Park Hill ta hau bas, ta hau jirgin ruwa, ta kuma shiga jirgin ƙasa har unguwar Astoria a yankin Queens, inda take kula da wata tsohuwa 'yar ƙasar Girka mai suna Stamatiya. Tafiyar kusan awa biyu, kuma wallahi ba mai ce mata kin tashi lafiya. 'Ya'yanta na can Kumasi wajen uwarta. Bakin Nimatu ba ya buɗewa sai ta murɗa makullin ƙofar tsohuwar nan.

To, a farkon 2015 Stamatiya ta zame a banɗaki, ƙugu ya karye. Aka yi aiki, aka sallamo ta da ƙarfen dogarawa mai ƙafa huɗu, ita ko ta ƙi taka ƙasa. Ɗanta Manolis ya zo daga New Jersey ya faɗa wa Nimatu a tsaye, makullin mota a hannu: nan da mako shida nas za ta zo dubawa. In tsohuwa ta iya zuwa ƙarshen lungun gidan ta dawo da ƙafarta cikin lokacin da aka ƙayyade, ta zauna a ɗakinta. In ba haka ba, sai gidan tsofaffi.

"Mama, tashi mu ɗan taka," in ji Nimatu washegari, da Turancinsu da su kaɗai ke ganewa.

"In je ina? In je in ga firji? Na san shi."

"To ina kike son zuwa?"

Tsohuwa ta ce, "Idon ruwa."

Ashe a tsibirinsu can Girka akwai wata 'yar hanya da ta ratsa ƙauyensu, tafiyar rabin awa. Matakalar dutse ce, ruwa na gudu a gefe, ɓaure da lemun tsami sun rufe sama har rana ba ta samun ka. Daga gidan ubanta sai a wuce gidan Marika, a wuce wurin Yorgos mai niƙa, a ƙetare 'yar gada, a iske ruwa yana ɓuɓɓugowa daga dutse. Ta ce yanzu baƙi ne ke bin ta da jaka a baya da sanduna bibbiyu. "Sanduna biyu! Ni da tulu nake hawa."

Nimatu ta ce, "To ga hanyar nan. Tashi."

Sai lungu ya zama hanya. Ƙofar banɗaki gidan Marika, kabad wurin mai niƙa, tagar ƙarshe idon ruwa. Ranar farko tsohuwa ta yi taku shida, za ta gota ƙofar banɗaki, Nimatu ta riƙe ƙarfen.

"Haba Mama! Ki wuce gidan mutane ba gaisuwa? A zangonmu da sai an yi mako ana zancenki."

Stamatiya ta harare ta, sannan ta juya ga ƙofar. "Marika! Kin tashi?"

Nimatu ta maƙale murya. "Na tashi. Ina za ki da wannan ƙafar kamar ta agwagwa?"

"Ji mai magana! Mijinki ya dawo, ko har yanzu yana gindin bishiya da kwalba?"

Marika fa ta shekara talatin a kabari, kuma tsohuwa ta sani sarai. Amma haka suka riƙa yi kullum, a tsaya a gaisa, a tambayi awaki, a zagi Yorgos kan ya cika tsakuwa a gari. A mako na biyar har taga suke kaiwa su dawo. Nimatu kuwa tun a jirgin ruwa take shirya abin da Marika za ta ce.

Ana gobe nas za ta zo, Nimatu ta ce, "Mama, gobe mu wuce kawai. Ban da gaisuwa."

"Ke kika ce ba a yi."

"Gobe kaɗai."

"Mu gani," in ji tsohuwa.

Nas ta zo, yarinya mai fara'a, Manolis na bayanta. Ta danna agogon wayarta ta ce a fara. Stamatiya ta miƙe ita kaɗai, ta yi takunta shida tsaf, ta ja ta tsaya.

"Marika! Kin tashi?"

Nimatu ta sunkuyar da kai. Agogo na tafiya. Tsohuwa ta sake kira, a hankali wannan karon, ta tsaya tana jira. Nimatu ta san ta, ba za ta gusa ba sai an amsa.

"Na tashi," ta ce da muryar Marika. "Wuce, ina da baƙi."

Tsohuwa ta wuce. Ta tsaya wurin Yorgos ma, ta kai taga, ta dawo ba wanda ya taɓa ta. Nas ta tambayi Manolis wace ce Marika. Ya ce ta rasu tun yana saurayi. Nimatu ta yi ta bayani, wasa ne, ita ta ƙirƙiro shi, tsohuwa garau take. Nas ta yi ta gyaɗa kai tana rubutu. Ta ce lokacin ya ninka abin da ake so har sau uku, ga kuma maganar kiran matattu, wadda dole ta sa a takarda.

Bayan kwana goma aka tafi da Stamatiya gidan tsofaffi. Nimatu ta miƙa wa Manolis makulli.

Ran Lahadi ta nemi gidan tsofaffin, can wani gefe na Queens. Ta iske Stamatiya a keken guragu a bakin wani dogon lungu mai ƙyalli, ƙofofi sun fi ashirin.

"Mama, ni ce. Mu ɗan taka?"

Tsohuwa ta dubi lungun daga farko har ƙarshe.

"Ban san kowa ba a nan," ta ce.

Nimatu ta jawo kujera ta zauna kusa da ita. Ta ɓare mata lemu, tana ba ta ɗaya-ɗaya, har wata ma'aikaciya ta zo ta ce lokacin cin abinci ya yi, ta tura keken.