Fanel ɗin da Ashiru Ya Canza

Ashiru irin mutanen nan ne da in suka kalli gyara sau ɗaya a waya, shi ke nan sun zama injiniyoyi. Yayarsa Zuliha ta san halinsa sarai, amma ta bar ma'ajiyar kwamfutarta, 'yar na'urar da take adana bayanai a ciki, a kan tebur, inda hannunsa zai kai. Wannan sakaci nata shi ya fi ci mata rai.

Muryar mahaifiyarsu ce a ciki. Wata bakwai Iya ta yi tana jinya kafin ta rasu, Zuliha na gefen gado tana naɗar hirarta: labarin kakansu soja da ya sauka Agege, waƙoƙin raino, har da faɗan da take yi musu rabi Hausa rabi Yarbanci. Wayar da aka yi naɗin da ita an zare ta a motar haya ta danfo tun bara, babu wani kwafi sai na cikin ma'ajiyar. Ranar Talata aka kawo wuta da ƙarfi, ma'ajiyar ta yi ƙauri ta mutu.

Gogan naka bai shawarci kowa ba. Ya kwance koren fanel ɗin da ya ƙone a bayan ma'ajiyar, ya tafi kasuwar Alaba ya sayo irinsa sak, ya ɗaura. Da aka jona ta, ta juya, ta yi ƙas-ƙas sau uku, ta yi shiru. Sai a lokacin ya ga damar gaya wa Zuliha.

Ta tasa shi gaba har shagon Mahbub mai gyaran kwamfuta a Ogba. Mahbub ya jujjuya ma'ajiyar, ya kara ta a kunne.

"Anti, faifan ciki da alama lafiyarsa lau. Amma fanel ba taya ba ne da za a cire wannan a sa wancan. Akwai wata 'yar aisi mai ƙafa takwas a jikin tsohon, ita kaɗai ta san yadda ake karanta wannan faifan. Ku kawo shi in ɗauke ta in dasa a sabon."

Zuliha ta juya ta dubi ƙanenta. Shi kuma ya dubi silin.

"Yaya, ai ya ƙone. Na jefa a buhun Mato."

"Wane Maton?"

"Mai jari-bola, na bakin layin dogo. Abeg, ki yi haƙuri, taimako na..."

"Wa ya aike ka? Ni na ce ka taimaka?" Zuliha ta nuna shi da yatsa. "Iya ka jefa a buhun shara, Ashiru!"

Ko kallon juna ba su yi ba har okada ta sauke su a wurin Mato. Dattijo ne mai fara'a, yana zaune kan tsohon firji, gabansa murhun gawayi da faranti. Ya saurare su tsaf, ya ce ai shi kaya ba sa kwana a hannunsa. Duk fanel ɗin da ya shigo sai ya gasa shi, ya karkaɗe aisi-aisin, don daban ake sayensu. Ya sa ƙafa ya turo mata wani bokitin fenti.

Bokitin ya kusa cika da 'yan baƙaƙen abubuwa kamar wake. Zuliha ta tsoma hannu ta ɗebo, suka zube ta tsakanin yatsunta. Ta kira Mahbub a waya. Ya ce masu ƙafa takwas a ciki za su kai dubbai, kowace sai an dasa an gwada, kuma bai da tabbacin wutar gawayi ta bar tata da rai.

Ashiru ya matso, murya ƙasa-ƙasa. "Yaya, ai duk abin da Iya ta faɗa muna riƙe da shi a ka."

Nan ne ranta ya gama ɓaci. Ta miƙe ta cafki wuyan rigarsa a gaban jama'a.

"To bismilla. Waƙar da take yi maka in za ta yi maka wanka, rera min."

Ya buɗe baki. Ya kawo layin farko, ya maimaita shi, ya tsaya. Zuliha ta yunƙura za ta ƙarasa masa don ta kunyata shi, sai ta tarar ita ma iyakar abin da ta riƙe ke nan.