Rawar Motar Ranar Arba'in

Ranar da na gama wankan jego a gidanmu na Dumega, jikina ya yi laushi kamar ba nawa ba. Kwana arba'in ina tsakanin ruwan zafi da kunun kanwa, har na daina bambance barci da ido biyu. Ina zaune a inuwar zaure, ƙamshin ganyen wanka bai bar fatata ba, sai na ga farar mota tana iyo bisa rairayi, ba na ma jin ƙararta sosai. Maigidana ne, Kamaluddeen, ya zo ɗaukarmu zuwa Dogon Dutsi a tsohuwar motar marigayi mahaifinsa, wadda ta girme mu duka biyu.

Aka loda gero, da man gyaɗa, da kwanoni. Inna, mahaifiyata, ita ta riƙo jaririyar har bakin mota, don 'yar fari ce, ba a son a ga uwa tana rawar jiki kanta gaban manya. Ko sunanta ba na faɗi. Na karɓe ta ina kallon wani wuri.

Kamaluddeen ya ɗaga ƙafa daga ambireyaj, wato kuloci, sai motar ta kama kakkarwa kamar mai zazzaɓi. Kwanoni suka yi ta kaɗawa. Kan yarinyar ya girgiza a tafin hannuna, na ji maɗigarta tana bugawa ƙarƙashin yatsana, laushi kamar cikin gwanda. Da motar ta miƙe, sai ta yi lumui. Ya ce ai haka take tun bara, in ta tashi shi ke nan. Na ce na manta zanena, ya tsaya. Ban manta komai ba.

Inna ta ce motar ta daɗe tana kwana gindin tsamiya, wa ya san abin da ya shige ta. Kamaluddeen ya sunkuyar da kai, don ba ya son zancen iskoki, ba ya kuma iya musu da suruka. Aka aika aka kira Baba Mani, tsohon makanike da yanzu injin niƙa yake gyarawa.

Bai taɓa ko sifana ba da ya zo. Ya tambaya ko tana yi da safe kawai ko har ta yi zafi, ko tana yi in za a koma baya, ko ana ganin ɗigon mai inda ta kwana. Ya ce in mai ne ya jiƙa faifan ambireyaj, da an ji ƙauri. Ya duƙa ya shinshina, ya girgiza kai. Sai ya sa aka buɗe gaban motar, ya nemi 'yar ƙwarya da ruwa ya ɗora bisa injin, ya ce maigida ya ja birkin hannu ya ɗaga ƙafa sannu.

Na tsaya ina kallon ruwan. Hoton sama na ciki, da reshen itacen bedi, da wata shirwa tana kewayawa. Sai duk suka karkata hagu suka zube.

Baba Mani ya zura hannu ta gefen hagun injin ya zaro wani baƙin yanki, ya yi dariya. Robar da ke riƙe da injin ta daɗe da mutuwa, wani ya yanko tayar amalanken jaki ya cusa a madadinta.

"Ga doguwarki nan, Hajiya," ya ce wa Inna. "Da jaki ta zo."

Ya ce ambireyaj lafiya lau, injin ne ke tsalle. Sabuwar roba sai Dogon Dutsi, amma in an bi sannu za a kai. Kamaluddeen ya duba agogo, ya ce Hajiyarsu ta dafa abinci, dangi sun taru tun hantsi suna jiran ganin jika. Inna ta ce to mu shiga, Allah ya kiyaye, kada a ce mutanen Dumega sun riƙe musu ɗiya.

Na lissafa tsayawar da ke gabanmu: shingen jandarma, mararraba, garken shanu, ramukan da damina ta bari. Kowace tsayawa da tashinta, kowane tashi da wannan girgiza. Kunya ta hau mini har kunnuwa.

"Inna, ku yi haƙuri," na ce. "Ɗiyata ba ta shiga motar ga sai an sa robar."

Baba Mani ya shiga goge hannunsa da tsumma kamar bai ji ba. Inna ta dube ni ta daɗe, ta ce yaran yanzu ba su da ta-ido, amma muryarta ba ta da zafi. Kamaluddeen ya dubi kan yarinyar. Sannan ya ciro waya ya koma bayan zaure, na ji yana cewa, "Hajiya, sai jibi," yana ta ba da haƙuri.

Ya tafi shi kaɗai neman robar. Na koma ɗakin Inna na kwanta bisa tabarma, na ɗora jaririyar a ƙirjina, ƙofa a buɗe, kowa na wucewa yana gani. Numfashinta na hawa yana sauka daidai da nawa, har barci ya kwashe mu.