Na'ura a Bayan Madubi

Bam ɗin da ya tashi a tashar mota ya kashe ƙanen mai aski. Shi ya sa bai yi gardama ba ranar da wani jami'in tsaro ya zo shagonsa da 'yar na'ura mai naɗar magana.

"Shagonka matattarar jama'a ce," in ji jami'in. "Masu mugun nufi kawai muke nema."

Mai aski da hannunsa ya ɗaga madubi aka maƙala ta a baya. Ko matarsa bai gaya wa ba.

Wata rana yana tsakiyar yi wa maƙwabcinsa tela aski, wuta ta ɗauke. Telan nan sarkin barkwanci ne, kowa Kawu yake ce masa. Ya dubi kansa a madubi, rabi ƙwal, rabi gashi.

"Wallahi wata rana sai na tayar da ofishin wutar nan da bam, kowa ya huta!"

Shago ya kwashe da dariya. Mai aski kuwa ya saci kallon madubi.

Ba a rufa mako ba aka zo aka ɗauke Kawu daga kan keken ɗinkinsa. Matarsa ta shigo shagon askin a firgice, tana tambayar ko akwai wanda ya san inda aka kai shi. Mai aski ya kasa kallon idonta. Da ta fita ya rufe shago ya nufi wurin jami'in.

"Ranka ya daɗe, wasa yake yi. Mutumin nan ko kaza ba ya iya yankawa."

"Wataƙila," in ji jami'in. "Amma irin na'urar nan ce ta sa muka kama wasu da kayan bam kusa da makarantar yara. Kana so in cire?"

Mai aski ya juya ya koma shago. Na'ura ta ci gaba da zama a bayan madubi.

Da aka sako Kawu ya rame, gashi ya cika masa kai. Ya zauna a kujerar aski, ba wasa, ba dariya.

"Sun kunna mini muryata," ya ce a hankali. "Har da dariyarku. A nan aka naɗa, ɗana. Wa ya yi mini haka?"

Mai aski ya buɗe baki, sai ya tuna duk abin da zai faɗa akwai mai ji. Ya yafa masa ƙyallen aski.

"Sunkuyar da kanka, Kawu," ya ce.