Kayan da Surajo Ya Ɗauka

Da hantsi aka kawo gawar Surajo Katanga, a naɗe cikin tabarma, bisa wani gadon kara na aro. Ubansa Magaji yana fadama yana cirar albasa aka je aka kira shi. Bai yi salati da ƙarfi ba, bai yar da fartanya ba. Ya karkaɗe hannu, ya rufe tarin albasar da ganye kada rana ta dafa ta, sannan ya bi mai kiran. Shi kansa ya yi mamakin yadda ya tuna da ganyen.

Damina biyu ke nan da tafiyar Surajo. Shekarar da Turawan Ingila suka kama yaƙi da Jamus can wajen Kamaru, aka ce kowane gari ya ba da 'yan dako masu ɗaukar kayan soja a ka. Ba wanda ya tambayi mutanen garin Katanga ko suna da wata rigima da Jamus. Mai gari ya duba gidajen da ke da samari fiye da ɗaya, ya nuna na Magaji. Da aka sallamo su, Surajo ya taho da tari a ƙirji, ya yi ta jan ƙafa har Jega, inda mai lafiya zai tashi da safe ya ci tuwon rana a gida, nan ƙafar ta ƙi. A zauren wani mai masauki ya cika. Wanda ya rako gawar abokin dakonsa ne, Mamman mutumin Mungadi, dogo ramamme mai yawan kallon ƙasa.

Magaji da kansa ya yi wa ɗansa wanka. Yaron ya tafi ba gemu, ya dawo da gemu. Yana zuba ruwa yana jiran zuciyarsa ta yi zafi, amma shiru. Kukan matan gida yana jin sa kamar daga wani gari yake fitowa.

Aka kai gawar ƙofar masallaci, mutane suka fara jera sahu. Liman Sanusi ya gyara rawani zai wuce gaba ke nan, sai Alhaji Yari ya yi gyaran murya. Shi wannan Alhaji bai daɗe da dawowa daga hajjin ƙafa ba, kuma tun da ya dawo ko zancen gishirin miya ake yi sai ya faɗi yadda ake yi a Makka.

Ya ce, "Allah shi gafarta Malam, kahin ka kabbarta, ka san yaƙin da yaron ga yat tahi?"

"Na sani. Ni niy yi musu addu'a da za su tashi."

"To can gabas ba haka anka ɗauke shi ba. Sarkin Istambul shina tare da Jamus. Malaman da nig gani bisa hanya sun ce duk Musulmin da yat taimaki Ingila cikin yaƙin ga ya saɓa. Kai, ko cikin Nasara akwai ƙasashen da sunka naɗe hannu, sunka ce yaƙin ba shi da hujja. Mu ɗai munka miƙa ɗiyanmu."

Liman ya ce sarakunan ƙasar nan sun yarda, malamansu ma sun yarda, domin akwai amana tsakaninsu da Turawa, kuma an ce Jamus ce ta fara tsokana. Alhaji ya tambaye shi wa ya gani da idonsa. Liman ya ce talaka ba shi ke duba hujjar yaƙi ba, bin na gaba shi ne nasa. Alhaji ya ce to liman fa? Ya kawo maganar littafi, cewa wanda ya mutu a kan yaƙin zalunci, mutanen kirki sukan janye daga sallarsa don na baya su ji tsoro. Sahun da aka jera ya fara lanƙwasa, wasu suka koma inuwar bango.

Lokacin bazara ne, rana ta tsaya tsakar ka. Magaji yana tsugune kusa da makara. Yana jin ana ambaton Istambul da Misira da Ingila, garuruwan da bai san ko ana noman gero a cikinsu ba, duk a kan ɗansa da ke kwance cikin farin ƙyalle. Bai ji haushi ba. Ƙudaje yake kora.

Da gardama ta yi tsawo sai malaman biyu suka haɗu a kan abu ɗaya, kamar yadda malamai kan yi idan ƙafa ta gaji da tsayuwa. Ɗan dako ba mayaƙi ba ne. In abinci ya ɗauka, ciyarwa ya yi, a yi masa salla. In harsashi ne, hannunsa na cikin jinin duk wanda aka harba. Aka kira Mamman.

Mamman ya ce, "Akwatuna na, an buga musu ƙusa. Bisa kai muka ɗauka, ba mu buɗewa."

Liman ya ce, "Ba ka san mi ac ciki ba?"

Mamman ya dubi ƙasa. "Abin da nis sani, in asuba ta yi muna jin kiran salla daga sansanin Jamus. Hausawa na da Hillani, irinmu. Su ma malamansu sun halatta musu."

Ba wanda ya so wannan amsar. Wani ya ce a aika Jega wurin alƙali. Wani ya ce alƙali ma sai ya aika gaba, amsa ba za ta dawo ba sai jibi ko gata. Iska ta ɗan kaɗa daga wajen makara, waɗanda ke kusa suka ja bakin riga zuwa hanci, a hankali don kada uban ya gani. Ya gani.

Magaji ya miƙe. Mutum ne da ko a cinikin albasa ba a taɓa kama shi da ƙarya ba, abin da ya sa dillalan Aliero ke masa dariya ke nan.

Ya ce, "Abin da yad ɗauka shinkahwa ta."

Liman ya juyo. "Magaji, wa yah hwaɗa maka?"

"Shi yah hwaɗa mani."

Duk wanda ke wurin ya san Surajo bai iso gida da rai ba. Alhaji Yari ya buɗe baki, ya dubi fuskar Magaji, ya ga babu komai a cikinta, ko roƙo babu, sai ya rufe. Liman ya ɗaga kai ya dubi rana, ya ce shaidar uba ta isa. Aka sake jera sahu, Alhaji ma ya shiga, can ƙarshe.

Bayan an rufe kabari mutane suka watse, kowa na sauri kamar ya bar tukunya a wuta. Magaji ya kama hanyar fadama saboda bai san wani wurin da zai je ba. Sai ya ji takun mutum a bayansa. Mamman ne.

"Baba," in ji Mamman, murya ƙasa-ƙasa, "akwatin ga da Surajo ka ɗauka, wata rana ta hwaɗi ta hwashe. Na ga..."

"Ban tambaye ka ba."

Suka yi ta tafiya har suka wuce rijiyar bakin gari. Can Magaji ya tsaya, bai waiwayo ba.

"Tana da nauyi?"

Mamman ya dubi ƙasa.

"Da nauyi, Baba."