Kwalayen Bakin Ƙofa

Si Jilali yana cikin ɗaure wa wata tsohuwa kwalin tukunya da igiya sai ga matarsa Zuhur ta faɗo shagon, jakar cefane a hannu, tana haki saboda cunkoson kasuwar Darb Umar ta birnin Darul Baida.

"Kokot ɗina ta mutu," ta ce, ko gaisuwa ba ta ƙarasa ba. "Murfin ya saki. Ga ƙafar saniya na sayo, kuma 'yarmu Najat tana zuwa cin abincin rana."

Matar Darul Baida za ta haƙura da miji mai mita, amma ba za ta wuni babu kokot ba, tukunyar nan mai murfin ɗauri da ke nunar da nama da ƙarfin tururi tana fito. Zuhur ta miƙa hannu ta sauko da ɗaya daga jerin da ke bango.

"Ajiye wannan," in ji Si Jilali da sauri. "Bari in ɗauko miki a sama."

Tsohuwar ta ɗago kai. "Ɗana, tawa fa?"

"Taki lafiya lau, Lalla. Ga tambarin hukuma nan a gindinta."

Ta sa wa iyayensa albarka ta fita.

Tambarin na gaskiya ne, abin da ke cinsa ke nan. Da kayan suka iso tashar jirgin ruwa, jami'in duba inganci ya sa aka buɗe kwantena, ya ɗebi kwalayen bakin ƙofa kamar yadda aka saba, don babu mai sauke kwantena guda a rana tsaka saboda tukwane. Aka gwada, suka ci. Amma tun kafin a yi lodi mai masana'antar da ke ƙera tukwanen ya faɗa masa a waya: na bakin ƙofa masu kauri ne, na ciki kuwa ƙarfensu siriri ne, kuma ɗan hancin da ke sakin tururi in ya yi yawa ado ne kawai. Si Jilali bai nema ba, bai kuma ƙi ba, "to" kaɗai ya ce. Sauran na bakin ƙofar ya haye da su sama, ya ajiye wa dangi da surukai.

"Mene ne bambancinsu?" Zuhur ta tambaya.

"Babu, ranki ya daɗe. Na sama dai sun fi sheƙi."

Ta daɗe da sanin cewa mijinta ba ya ladabi sai in yana ƙarya. Ta dube shi, ta rungumi kwalin.

"In babu, gwiwarka ta huta da hawan bene. Ai ba madubi zan yi da ita ba."

Ta fice. Ya zauna, ya tashi, ya zuba shayin na'ana'a ya bar shi ya huce. Tsoron kada tukunyar ta fashe ya kama shi, kunya kuma ta fi tsoron. Can ya haye sama ya ɗauko mai kauri, ya ja ƙofar shago, ya tari tasi zuwa gida.

Tun daga matakala ya ji fiton. A kicin tukunyar tana kan wuta tana huci, 'yarsu Najat tana tsaye dab da ita tana yanka albasa.

"Yau Baba ya zo koya mana girki," ta ce tana dariya. "Har da tukunyarsa."

"Najat, fita falo."

Ganin fuskarsa ya sa ta ajiye wuƙar ta fita. Ya kai hannu zai kashe gas, Zuhur ta sha gabansa.

"Ka ce babu bambanci."

"Matsa, don Allah."

"Faɗa mini da bakinka, Jilali."

Tukunyar ta ƙara tsananta kuka a bayanta. Ya faɗa mata duka a guntuwar magana, idonsa a kan murfin. Ta juya ta kashe wutar da kanta, suka tsaya har hucin ya mutu.

"Lalla Hadduj, maƙwabciyarmu ta hawan da ke ƙasanmu, a wurinka ta saya," ta ce a hankali. "Ni na tura ta. Na ce mata kai na gida ne, ba za ka cuce ta ba."

Lokacin ɗora abinci ne. Da kicin ɗinsu ya yi shiru sai fiton tukwane ya riƙa shigowa ta taga, daga ƙasa, daga sama, daga benen da ke tsallaken titi. Ya kasa kunne, ya kasa gane wacce ce tasa a ciki.

Ya ɗauki tukunya mai kaurin da ya kawo wa matarsa, ya sauka hawa ɗaya. A bayan ƙofar Lalla Hadduj ana fito, jikokinta suna wasa. Bai san da wace kalma zai fara ba, kuma ya san in ya fara a nan, sai ya bi ƙofofi da yawa. Ya ƙwanƙwasa.