Gatarin Domnica

A ƙauyenmu, idan hadarin ƙanƙara ya taso daga bayan dutse, mata ba sa tsayawa shawara. Tun zamanin kakanni, kowace takan ruga ta ɗauko gatarin gidanta, ta kafa ƙotar a ƙasa a bakin ƙofa, kaifin yana kallon sama, ta barbaɗa masa gishiri. Gatarin ke yanka gajimaren gida biyu, ƙanƙarar ta wuce. To amma gatari ba shi da ido, 'ya'yana. Duk abin da ke cikin gajimaren sai ya yanke shi.

Shi ya sa aka hana. Tun lokacin da ƙauyen ya sami balauru nasa, wato ƙaton macijin nan mai fukafukai da ke kwana a tafkin kan dutse, aka taru a harabar coci, kowace mace ta rantse ba za ta ƙara kafa gatari ba. Aikin ya koma hannun mahayi: shi zai hau, ya shiga cikin hadarin, ya kora shi can kan duwatsun da ko akuya ba ta kiwo.

A shekarar da nake ba ku labari, mahayin yarinya ce, Rusanda, 'yar Domnica mai saƙa. Ta gaji linzamin daga kawunta Gherasim, bayan ya faɗo ya karya ƙugu. Balaurun kuwa mace ce, sunanta Negura, kuma abin da ke tsakaninta da yarinyar nan ya wuce na doki da mai shi. Idan Negura ta ji yunwa, cikin Rusanda ke kuka. Idan Rusanda ta yi dariya a ƙauye, sai makiyaya su ga ruwan tafki yana rawa.

Ranar, masara ta kusa nuna, tuffa ta yi nauyi har an tokare rassa da sanduna. Da rana tsaka sama ta rine ta koma launin toka mai kore-kore, irin wanda ko jariri ya san ba ruwa ba ne. Rusanda ta haye Negura. Suka shiga cikin gajimaren, ƙanƙara na dukan fuskarta, Negura na tura hadarin da ƙirji kamar sa yana tura shinge. Sun kusa fitar da shi, sun sauko ƙasa-ƙasa ta saman rufin gidaje don su kare gonakin ƙarshe, sai Rusanda ta ji an tsarga ta daga haƙarƙari zuwa mara.

Ta dafe wurin. Babu jini. Ta leƙa ƙasa, ta ga na Negura ne ke zuba, baƙi ƙirin, yana tururi a cikin iska.

Yadda suka kai tafki, ita kanta ba ta sani ba. Negura ta faɗi a bakin ruwa, rabin jikinta a ciki, numfashinta na kaɗa ciyawa. Kawu Gherasim ya fito daga bukkarsa yana jan ƙafa, ya duƙa, ya dubi ciwon, ya tofar da yawu.

"Gatari ne," ya ce.

"Ƙarya ne, Kawu! Sun rantse!"

"Ni kike ce wa ƙarya? Dubi yadda ya miƙe. Walƙiya ba ta yanka haka."

Rusanda ta yage gyalenta ta danna a ciwon. Nan take ya jiƙe.

"Bar wahalar da kanki," in ji tsohon. "Ko bargon ƙauyen nan duka kika kawo, ba zai tsaya ba. Sai wadda ta kafa gatarin ta hawo da shi da ƙafarta, ta wanke kaifin a tafkin nan, ta ɗebi ruwan da hannunta ta zuba a ciwon. In ba haka ba, Negura ba za ta ga faɗuwar rana ba."

"Zan kawo ta," Rusanda ta ce. "Ko da gashinta zan jawo ta."

Ta gangara dutsen a guje, hannu ɗaya a haƙarƙari. Ta tarar da ƙauye cikin murna. Maza na zagaya gonaki suna taɓa masara, yara na tsintar 'yar ƙanƙarar da ta zubo suna tsotsa, wani har ya fito da tulun giyarsa. Wannan murna ita ta ƙara hura mata wuta.

"Ku fito da gatarinku!" ta daka tsawa a tsakiyar hanya. "Kowane gida! Yanzu!"

Tudosia, maƙwabciyarsu mai baki kamar reza, ta leƙo ta kan shinge. "A'a, sarauniyar gajimare! Ba sannu, ba gaisuwa? Ko iskar sama ta kwashe miki tarbiyya?"

"Goggo Tudosia, ki ajiye bakinki ki ɗauko gatarinki."

"Nawa? Je ki tambayi mijina, tun bara yake cewa zai yi masa ƙota. Malalacin banza! Gatarin nan ko gajimaren madara ba zai yanka ba."

Wasu suka yi dariya. Rusanda ta shuri ƙyauren shingen har ya ɓalle, dariyar ta mutu.

"Negura na can tana mutuwa," ta ce. "Ta kare muku masara da ƙirjinta, wata a cikinku ta farke mata ciki. Ku ci tuwonku da cuku a bana, ku ƙoshi. Baɗi in hadari ya zo, sai ku hau tsintsiya ku kore shi!"

Aka shiga fito da gatura ana jerawa a kan hanya. Ta bi su ɗaya bayan ɗaya, tana juya kaifin a rana. Wannan tsatsa, wancan ɗanyen ƙaro, na mahauci kitse. Babu mai baƙin jini. Ciwon haƙarƙarinta kuwa sai ƙara sanyi yake, kuma ta san ma'anar sanyin.

Sai Tudosia ta ce, a hankali wannan karon, ba tare da ta ɗago ido ba: "'Yar nan, gida ɗaya ne bai fito da nasa ba."

Rusanda ta sami mahaifiyarta a bayan tarin itace, a durƙushe, tana dirzar gatari da toka da tsumma. Tana dirza, baƙin na nan daram, kamar da shi aka ƙera ƙarfen. Ga gishiri a warwatse a bakin ƙofa.

"Mama."

Domnica ba ta juyo ba. "Kin ci abinci?"

"Mama, ke ce?"

"Akwai tuwo a tukunya, bai huce ba."

Rusanda ta fizge gatarin ta yi jifa da shi, ya daki bango. "Ki dube ni! A gabana kika rantse! Hannunki a kan gicciye!"

Domnica ta miƙe. Gajeruwa ce, amma a ranar kamar ta ƙara tsawo. "Na rantse, eh. Na kuma tsaya a ƙofar nan na ga walƙiya ta haɗiye ki. Na kira sunanki, babu ke. Ban san lokacin da na ɗauko shi ba. Uwata haka take yi, uwarta haka, hannuna ne ya tuna. Na ce bari in tsaga gajimaren nan 'yata ta fito."

"Kika tsaga Negura!"

"To ita na haifa? Ta karya min yayana, ta mayar da shi gurgu mai magana da kifi. Yanzu ke take ɗauka, ni kuma in zauna in yi saƙa in yi murmushi?"

"Ba ita ta kayar da Kawu ba, girman kansa ne. Kowa ya sani." Rusanda ta ɗauko gatarin ta cusa mata a hannu. "Tashi. Za ki hau, ki wanke, ki zuba mata ruwan."

"In kai ƙarfen da ya yanke ta gaban hancinta? Cinye ni za ta yi."

"Da kin yi wannan tunanin kafin ki ɗebo gishiri."

Maganar ta fito da kaifin da ita kanta Rusanda ba ta zata ba, amma ba ta janye ta ba. Domnica ta ɗaura ɗankwalinta, ta yi alamar gicciye, ta saɓa gatarin a kafaɗa, ta wuce gaba.

Hawan nan ba wasa ba ne ga mace mai ciwon gwiwa. Sau biyu Domnica ta zame, sau biyu Rusanda ta tsaya ta zuba mata ido, ba ta miƙa hannu ba. Kada ku ce ba ta da kirki. Ku dai ba ku taɓa jin ran wani yana zurarewa ta haƙarƙarinku ba.

Suna ɓullowa bakin tafki, Negura ta shaƙi warin ƙarfen. Dabbar da ɗazu ba ta iya ɗaga fatar ido, sai ga ta ta ɗago kai sama da itatuwa, haƙora a waje, wani gurnani na fita daga ƙirjinta har tsakuwa na tsalle. Idanunta a kan Domnica. Kuma ga abin tsoron: Rusanda ta ji daɗin gurnanin. Wani abu a cikinta ya ce, bari ta ji tsoro, bari ta ɗanɗana.

Kawu Gherasim ya maka mata sandarsa a ƙwauri.

"Ke, shashasha! Kina tsammanin fushinta ne? Naki ne take sha! Ita ba ta san wace ce wannan ba, ke kika sani. In ba ki sauke ba, yanzu za ta raba min ƙanwa biyu."

"Ba zan iya ba, Kawu! Ba zan iya yafewa yanzu ba!"

"Wa ya ce ki yafe? Fitar da shi ta bakinki, kada ya bi ta nata!"

Rusanda ta ruga ta rungume hancin Negura, ta danne shi da duk nauyinta, zafin numfashin na ƙona mata ciki. Ta juya kai wajen uwarta, ta buɗe baki.

"Ba ki taɓa hawowa nan ba! Ko sau ɗaya! Duk matan ƙauye sun kawo wa Negura madara, ban da ke!"

Domnica ta tattare siket ta shiga ruwan. "Madarar da nake tatsa da asuba ke kina barci? Sannu!"

"Ranar da na fara hawa, kowa ya fito kallo, ke kika rufe taga!"

"In tsaya in ga 'yata ta zama tsuntsu? Yaya, ka ji ta ko? Kai ka cusa mata wannan haukar!"

"Ni dai wanke gatarin, Domnica," in ji tsohon.

Ta tsoma kaifin. Baƙin da toka ta kasa fitarwa ya narke ya bi ruwa. Kan Negura ya ɗan sauko.

"Kina gaya wa mutane wai zan gaji in daina, in auri ɗan mai niƙa!"

"Yaron kirki ne, yana da rufi a kansa, ba ya tashi sama!"

"Hancinsa kamar dankali!"

"Ke kuma naki fa? Na ubanki ne sak, ban taɓa yi miki gori ba!"

Domnica ta saki gatarin ya nutse, ta haɗa tafukanta ta ɗebi ruwa, ta matsa. Ciwon ya fi ta tsawo. Wutsiyar Negura ta daki ruwa a bayanta, ta jiƙa ta sharkaf, amma ba ta ja da baya ba. Ta zuba. Jinin ya taɓa mata hannu, ta yi ƙara, don jinin balauru kamar tafasasshen mai yake. Ta sake ɗebowa.

"Kin fi son in faɗo in mutu da in yi abin da na iya!" Rusanda ta ce, amma yanzu da kuka take faɗa.

"Na fi son ki tsufa ki dame ni! Wannan kawai na roƙa, mara kunya!"

Ta zuba, ta kuma zubawa, tana zagin 'yarta, tana zagin yayanta, tana zagin gajimare da wanda ya aiko shi. A hankali bakin ciwon ya fara haɗuwa daga sama. Tururin ya ragu. Negura ta sauke haɓarta a kan tsakuwa, ta ja wani dogon numfashi, Rusanda ta ji ɗumi ya dawo mata haƙarƙari. Ta zame ta zauna a ƙasa, muryarta ta dushe, ba sauran abin faɗa.

Domnica ta fito daga ruwan. Hannayenta sun yi jawur, sun yi bororo har wuyan hannu. Kawu Gherasim ya shafa mata man tumaki ya naɗe da tsumma, yana gunaguni.

"Bana kam babu saƙa," ya ce.

"Na sani. Ba makauniya ba ce ni." Ta dubi 'yarta. "Tashi mu tafi."

"Ba inda za ni," Rusanda ta ce, kanta a jikin wuyan Negura. "Sai ta tashi sama da ni tukuna. Ko bayan nan ma ban sani ba."

Domnica ta juya ta kama hanya ita kaɗai, tana takawa a karkace, hannuwan a ɗage a gabanta. Sai da ta kai inda hanya ke karyawa ta tsaya, ba ta waiwayo ba.

"Rigarki a jiƙe take! In mura ta kama ki, kada ki aiko min!"

"Ba zan aiko ba!"

Kawu Gherasim ya girgiza kai, ya shiga bukka neman busasshen bargo.