Farar Ƙasa a Kan Dutsen Ikilima

A bayan ofishin su Ikilima a Abuja akwai wani dutse da ba mai kallonsa sai ita. Jikinsa manne da wani ɓawo mai toka-toka, wanda abokan aikinta ke kira datti. Ita kuwa masaniyar tsirrai ce, ta san halittu biyu ne suka haɗe wuri guda. In ta yanki ɗan siriri ta sa a na'urar ƙara girman abu, sai ta ga zaruruwan fumfuna farare sun rungume ƙwayoyin gansakuka koraye shar. Gansakukar ke haɗa abinci da hasken rana, fumfunar ke riƙe ruwa ta yi mata rumfa.

Abin ba ya gaggawar girma, a shekara da ƙyar yake ƙara faɗin ƙwayar gero. Tun da aka yi mata canjin aiki daga Zariya take auna shi, shi ne duk bincikenta. Gaskiya kuma shi ne abokin hirarta, don a garin nan kowa na sauri, gaisuwa ma a tsaye ake yinta. A gefen dutsen take cin abincin rana ita kaɗai, kewa na cinta.

Ana nan sai aka ce manyan baƙi za su zo. Al'adar ofisoshinmu kuwa sananniya ce: ko famfo ba ya kawo ruwa, dole kowane dutse da gindin bishiya ya sha farar ƙasa. Ikilima tana garin Kwali wajen aiki aka yi hidimar.

Da ta dawo ta tarar da dutsen fari fat. Ta kankaro kaɗan ta kai na'ura. Zaren na nan, amma koren ya ƙone, farar ƙasa ta cinye shi. Ta fito ta tsaya gaban dutsen, hawaye na zuba.

Sai ga Obadiah mai kula da harabar, yana murmushi har kunne, ya ce da gurguwar Hausarsa:

"Hajiya, ka gani? Oga ya ce gaba kawai a shafa, baƙi ba za su zo baya ba. Ni na ce a'a. Kullum ina ganin ka zauna nan kai ɗaya, babu mutum. Na goge shi da burushi, na shafa sau biyu, saboda kai."

Ikilima ta daɗe tana dubansa. A duk ofishin nan, ashe shi kaɗai ya san inda take zama.

"Sannu da aiki, Baba Obadiah," ta ce. "Na gode."